Yadda Sarkin Noma Ya Koma Ƙasan Shafi

Laraba: Illela zuwa Ƙonni

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na bar gida a Illela, Illelarmu ta jihar Tawa, ba waccan ta bakin iyaka ba. A can nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kuma muna cikin ɗan hutun watan Afrilu na 2007. A jakata akwai riga ɗaya ta canji, da hotuna goma sha ɗaya, da disket uku, faya-fayan ajiyar aikin kwamfuta, da na naɗe cikin hankici.

Ga abin da ya tashe ni. A ƙauyenmu da ke gefen Dogarawa akwai ƙungiyar masu noman irin albasa, mutum goma sha ɗaya, shugabansu kuwa Baba Sarkin Noma, wan mahaifina. 'Yan kasuwa sun daɗe suna sayar da irin banza da sunan garinmu. Ni da na taɓa yin horon sati biyu a Tawa kan yin shafin intanet, sai na ce a bar ni in sa ƙungiyar a can, mai son iri na gaskiya ya san inda zai same shi. Baba bai taɓa yaba wani abu da na kawo daga boko ba, ko da wasa. Ya dai ce: “Jumma'a bayan an sauko masallaci ka kawo abin ga mu gani da idonmu. In bai yi ba, kar in sake jin zancen.” Kowa ya san in ya rufe magana ta rufu.

Wata a-kori-kura ta kai mu Badagishiri kafin shida, tafiyar ba ta kai kilomita ashirin ba. Nan na sha koko da ƙosai, na shiga bas mai cin mutum sha tara, wadda muka cika mu ashirin da huɗu har da wani rago. Ƙarfe bakwai da rabi muka ɗaga. Direban ya ga yadda na rungume jaka, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce:

“Mushe, zinari na ciki?”

“Ya hi zinari. Intanet na.”

“To riƙe shi da kyau, gaba akwai ramu.”

Bai yi ƙarya ba. Kilomita wajen saba'in zuwa mararrabar Tsarnawa ya ci mana awa biyu, har da tsayawar jandarma sau ɗaya. Goma saura muka shiga Ƙonni, rana ta riga ta fara gasa mutane. Ɗan kabu-kabu ya kai ni sibar ɗin Ramatu, wato shagon da ake biya a shiga intanet.

Ramatu 'yar kawuna ce, taubashiyata, kuma ba ta taɓa raga mini ba tun muna yara. Ta yi karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Yamai, ita da mijinta suke da shagon. Da na kwance hankici ta ga disket, sai da ta dafa tebur don dariya.

“Bawana, daga wane kabari ka tono waɗanga? Duniya ta koma kile!” Ta nuna mini wani ɗan abu a wuyanta, bai kai ɗan yatsa ba, ta ce yana cin abin da disket ɗari ba su ci.

Ordinatar ɗaya ce tak ta rage mai ramin disket, can a lungu. Muka buɗe aikina na wata uku. Ni dai a idona ya yi kyau: sunan ƙungiya yana yawo daga dama zuwa hagu, wata albasa tana juyi, bango shuɗi, rubutu ja. Ramatu ta kalla ta ce an bar yayin wannan tun tuni. Kafin ya buɗe a layinmu mai tafiyar hawainiya, mai saye ya gaji ya tashi. Kuma duk ranar da za a canza kalma ɗaya, sai an nemo ni da tsohon lojisiyel ɗina, wato manhajar da na gina shafin da ita. Raina ya ɓaci, wallahi, har na ce a ba ni kayana in tafi. Ta ce in ci abinci tukuna, fushin mai yunwa ba abin kamawa ba ne. A gidansu na sauka, aka ba ni tuwon shinkafa da miyar kuka, aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida saboda zafi.

Alhamis: Ƙonni

Da hantsi ta zaunar da ni ta nuna mini sabon yayi. Yanzu akwai wuraren da ke ba mutum shafi kyauta, an riga an gina shi, sai dai ka zaɓi kalar da kake so. Ka rubuta, ka liƙa hoto, ka danna, shi ke nan ya hau. Daga kowane sibar ana iya ƙara labari, mai karatu kuma yana iya barin saƙo a ƙarƙashi. Ta nuna mini yadda ake rage nauyin hoto don ya buɗe da wuri. Ta ce har an fara maganar wayoyin salula masu buɗe shafi, na ce wannan kam sai jikokinmu. Amma a zuciyata na san ta fi ni gaskiya. Abin da na yi wata uku ina fama da shi, ta tsayar da shi kafin azahar.

Sai na hau shigar da mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa da hotonsa da bayanin gonarsa. Da wa zan fara in ba Baba ba? Na sa shi farko, sannan Liman, sannan dattawa bisa shekarunsu, yadda ake jera su a gaisuwa. Na ƙarshe shi ne Tanko, baƙon da ya zo daga wajen Sakkwato shekara huɗu da suka wuce, yana noma gonar aro. Kowane hoto sai ya ci minti goma kafin ya hau, don haka ban tsaya leƙa fuskar shafin ba, ina gama wannan sai in kama wancan. Ina danna na Tanko, ƙarfe biyar da minti goma, aka ɗauke wuta. Ramatu ta ce in kwantar da hankalina, komai ya riga ya hau, da safe za ta buga mini a takarda.

Jumma'a: Malbaza da Dogarawa

Wuta ba ta dawo ba sai tara da rabi. Ramatu ta buga takardu huɗu ta sa a ambulan, na fizga na yi tasha ko buɗewa ban yi ba. Goma da kwata muka tashi a wata tsohuwar mota mai cin mutum tara. Muka sake ratsa Tsarnawa, muka miƙe gabas, tirelolin albasa sai wuce mu suke yi. Kilomita talatin da 'yan kai, sha ɗaya da minti biyar, muka tsaya a shingen jandarma na Malbaza, ana hango masana'antar siminti.

Jandarman ya duba katina, ya ce me ke cikin ambulan. Ni da son a sani, na zaro na miƙa masa ina cewa garinmu ne ya shiga intanet. Ya duba takardar farko ya ce:

“Wanga shi na shugabanku? Yaro da shi haka?”

Na leƙa. Tanko! Tanko ne a can sama, yana washe baki da garma a kafaɗa. Na bi takardun ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya juye, ƙarami a kan babba, Liman na biyun ƙarshe, Baba Sarkin Noma kuwa a gindin takarda ta huɗu, ƙarƙashin kowa. Inna lillahi!

Na roƙi direba minti biyar, na ari salular wani mai shago na kira Ramatu.

“Kin kashe ni! Mi ya kai Baba ƙasa?”

“Yo ai haka shafukan yanzu suke, wanda anka sa ƙarshe shi ka hawa sama. Kowa ya san wannan.”

“Ni ban sani ba! Baba kuwa bai san kowa ba!”

Ta daina dariya, ta ce ana iya gyarawa, amma sai na dawo. In na koma Ƙonni na rasa Jumma'a, in na rasa Jumma'a an rufe magana. Na yi tunanin sayen reza in yayyanka takardun in sake liƙawa, sai na tuna mutumin da ke gane irin jabu da shinshinawa ba zai kasa gane faci ba. Direba ya matsa oda, na shiga mota.

Sha biyu saura muka sauka Dogarawa, amalanken jaki ya ƙarasa da ni gida. Na sha fura ban ji ɗanɗanonta ba. Bayan masallaci aka shimfiɗa tabarmi a gindin bishiyar bedi ta ƙofar gidan Baba, mutum goma sha ɗayan nan suka zauna, 'yan kallo suka kewaye mu. Na durƙusa na miƙa takardun.

Baba bai iya boko ba, amma hoto ba ya bukatar karatu. Ya dubi Tanko. Ya ɗaga takarda ta biyu, ta uku, bai ga kansa ba. Da ya kai ta huɗu ya daɗe yana kallo. Tanko, bawan Allah, ya sunkuyar da kai yana cewa shi wallahi ba da saninsa ba. Wani ya so ya gyara zance, ya ce ai kamar lodin tirela ne, buhun da aka fara sawa shi ke ƙasa.

“Ni buhu na?” in ji Baba. Ya juyo gare ni. “Isuhu, wa ya yi wanga aiki?”

“Ni na, Baba. Da kai na fara, don girmanka. Ashe ita na'urar, wanda ya yi magana ƙarshe shi taka ɗorawa bisa kowa. Ban sani ba sai yau a hanya.”

“Sake faɗi. Wanda ya yi mi?”

“Wanda ya yi magana ƙarshe.”

Ya ajiye takardun a cinya, ya dubi Liman.

“Malam, in anka yi taro garin ga, wa ka magana ƙarshe?”

“Kai na, Sarki.”

“To kun ji. Ƙarfen Nasara ya san babba shi ka rufe taro, ɗanmu da munka kai lakwal bai sani ba. Kai ka tura ni in yi magana gaban yara, sannan ka zo kana rawar jiki. Laifin naka na, ba nata ba.”

Dariya ta ɓarke, har da Tanko. Ni kuwa ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Baba ya sa na karanta masa bayanin kowa, ya gyara mini wurare biyu. Ya tambaya ko gaske ne mutumin Abijan zai iya ganin wannan a yau ɗin nan, na ce gaske ne, har ya bar saƙo. Ya jinjina kai. Sannan ya yanke hukunci: in koma in sake jerawa, in fara da Tanko in ƙare da shi. Kuma duk ranar da wani ya ƙara labari, ko na farashi ko na sabon iri, a dawo gare shi ya rufe da tasa maganar. Na lissafa a raina, wannan na nufin shafin ba zai taɓa kwanciya ba, ni ma haka.

“Ɗauko alƙalami,” ya ce. “Tunda ni ka rufewa, ba hoto kaɗai za a sa ba.”

Ya faɗi yadda ake gane iri na gaskiya, da lokacin da ake yanke kan albasa a shanya, da dalilin da ba su sayar da irin da ya kwana biyu. Ina rubutawa a bayan ambulan. Da na zaci ya gama, sai ya ƙara layi ɗaya, bai ko dube ni ba.

Asabar: Ƙonni, sannan gida

Bakwai na safe na sami mota a Dogarawa, tara saura ina sibar. Allah ya taimaka akwai wuta. Ramatu ta karɓi rabin hotunan tana yi mini tsiya, muka sake jerawa daga ƙarami zuwa babba, wannan karon ina leƙa fuskar shafin bayan kowane mutum. Ƙarfe ɗaya da rabi na zo kan Baba. Na buga maganarsa kalma bayan kalma, har na iso layin ƙarshe, nan yatsuna suka tsaya. Ramatu ta leƙo ta karanta a fili:

“Wanda ya rubuta wannan ɗana ne, Isuhu. Mai son iri ya neme shi, abin da ya faɗa muku ni na faɗa.”

Ta buɗe baki za ta yi tsokana, ta dubi fuskata, ta fasa. Shekarata talatin da shida ban taɓa jin haka daga bakinsa ba. Na danna, muka jira minti goman nan, sai ga Baba a can sama da rawaninsa.

Ƙarfe uku na shiga motar Tawa, na sauka Badagishiri biyar da rabi, na iso Illela ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Ramatu da mijinta da suka ba ni masauki, da mai shagon Malbaza da ya ara mini salula bai san ni ba. Baba kuwa ban yi masa godiya da baki ba, don na san cewa zai yi in tashi in ba shi wuri. Iri dai in ana so, a neme ni.