Ɗakin da Iya Ba Ta Yi wa Ƙofa Ba

Taswirar gida ta farko da na taɓa gani a kan toka aka zana ta, da tsinken kara. Kakata ce ta zana, mahaifiyar babana, wadda muke kira Iya.

Mu mutanen da ruwan Tiga ya tasa ne. Tun kafin a haife ni aka datse kogin, ruwa ya shanye garinmu, aka ba mutane fili a tudu ta ɓangaren Bebeji. Manoman dawa suka koma masunta da 'yan lambu. A gidanmu Baba ke kamun kifi, Iya ke banda. Bayan sallar magariba takan jera kifin a kan raga, ta hura wuta ƙasa-ƙasa, don hayaƙi take so ba harshen wuta ba, mu jikoki mu kewaye ta. Sai ta jawo tokar jiya, ta baje ta da tafin hannu, ta ce, "Ku matso, tatsuniya ta iso."

Mu ce, "Ta zauna."

Kowace tatsuniya za ta yi, a gida ɗaya take faruwa, kuma sai ta zana shi tukuna. Zaure, rumbuna biyu, turken awaki, rijiya, sai ɗakuna uku, kowanne da 'yar kafar da take bari a matsayin ƙofa. Na huɗun yana kusurwar arewa. Shi kuwa da'ira take yi masa, ta haɗe bakinta ruf.

"Iya, kin manta ƙofa."

"Ji min maigidan nan. Ko akurki bai taɓa gina min ba, zai koya min ƙofa. Zauna ka ji."

Tatsuniyar ɗakin ita ce ba ta cika yi ba. Wata mata ce ta zo wa wani magini da almuru, fuskarta a rufe, ta ce ya gina mata ɗaki marar ƙofa. Wannan bai gagari magini ba, domin a kan bango yake zama, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ana wurgo masa tubali yana ɗorawa. Sharaɗinta ɗaya ne: duk abin da ya ji daga ciki, kada ya amsa. Bango ya kai ƙugu, ya wuce kai. Kullum matar takan zo ta tsaya a bayan ɗakin, ba ta cewa komai, ta tafi. Ranar da ya jera azara, saura rufi, sai ya ji muryar yaro daga ƙasa.

A nan Iya kan rage murya har sai mun daina tauna.

"Inna ta zo?"

Magini ya yi shiru ranar farko, ya yi shiru ta biyu. A ta uku tausayi ya kama shi, ya sauko ya ɗauki gatari ya sare ƙofa. Babu yaro a ciki. Ruwa ne ya fito, a hankali, ba ƙara, ya cika tsakar gida, ya hau rumbuna, ya bi gari gida-gida, har yau bai koma ba. Sai Iya ta shafe zanen da ƙafa ta ce, "Ta tafi, ku ma ku tashi, an kira isha."

Shekaru suka tura, na shiga jami'a, sashen zanen gine-gine. A shekara ta huɗu aka ba mu irin aikin da ba za a taɓa ginawa ba, wanda ake bayarwa don a ga yadda ɗalibi ke tunani: kowa ya tsara mazaunin mutanen da ruwa ya kora daga garinsu. Abokaina suka nufi laburare. Ni na zauna a tebur na zana gidan Iya daga ka, na fitar da ma'auni, na yi ƙaramin samfuri da kwali da gam. Na san ita kaɗai ta rage da ke riƙe da fasalin tsohon gidanmu da ruwa ya ci, wanda take zana mana a toka, idonta kuma ya fara mutuwa. Ina so in kai mata shi ta taɓa da hannunta.

Mako ɗaya kafin ranar kare aiki, malaminmu ya zagayo dubawa. Dattijo ne mai haƙuri. Ya ɗora bakin fensir a kusurwar arewa.

"Wannan rumbu ne?"

"Ɗaki ne, Malam."

"Ta ina ake shiga?"

Tatsuniya ba abin da ake faɗa wa malami a ɗakin zane ba ce.

Ya ce, "Duk layin da ka ja, sai ka iya kare shi. Ka ba shi ƙofa da suna, ko ka cire shi."

Gaskiya ya faɗa bisa ƙa'idar aikinmu. Na ɗauki reza na yanka ƙofa a kwalin, na rubuta "ɗakin baƙi" a taswirar. Na ci aikin da sakamako mai kyau.

Da hutu na ɗauko samfurin a cinyata a cikin bas, daga bakin titi na hau acaɓa ina rungume da shi. Na sami Iya a kan tabarma da hantsi. Na ajiye mata shi a gaba, na kama hannunta na ɗora.

"Me maigida ya kawo min? Ƙarshenta dai gidan kwali zan tare a ciki."

Yatsunta suka fara bi. Dariyar ta tsaya. Ta ce nan zaure, nan rumbun gero, rijiyar kuma na matsar da ita, ba ta kai nan ba. Ta gangara kusurwar arewa. Ɗan yatsanta ya faɗa cikin ƙofar da na yanka, ta janye shi da sauri.

"Wa ya buɗe?"

"Malaminmu ne ya ce ɗaki ba ya zama babu ƙofa."

"Malamin naku ya san mai ɗakin?"

Ta nemi a miƙo mata buta, alhali azahar da saura.

A bakin ruwa na tarar da Baba yana ɗinkin komar kamun kifi. Na gaya masa abin da ya faru. Yana ci gaba da ɗinkinsa ya ce ba shi ne ɗan Iya na fari ba. Akwai wani kafin shi, ƙyanda ta ɗauke shi yana ɗan shekara uku ko kusa da haka. A cikin ɗakin nan na kusurwar arewa aka binne shi, kamar yadda wasu ke yi wa yara a lokacin, kakanmu ya toshe ƙofar da tubali. Wata gwaggonsa ce ta gaya masa. Ranar tashi, maza suka je maƙabarta suka yi wa mamata addu'ar bankwana. Babu wanda ya tuna da na cikin gida, kakan ya riga ya rasu, Iya kuma ba ta iya buɗe baki ba. Ɗan fari ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, ko yana raye ko ba ya raye. Ta hau mota da tukwanenta.

Na ce, "Baba, yaya sunansa?"

"Ban tambaya ba. Gwaggon kuma ta rasu."

Da la'asar na yanko kwali na toshe ƙofar da gam, na mayar mata. Ta shafa wurin sau biyu.

"An rufe. Amma ana jin tabon."

Na ce cikin wasa, irin wanda jika ke yi da kaka, "Iya, mai ɗakin ba shi da suna ne?"

"Kai dai ba ka da ta ido," in ji ta. Ta ja gyalenta ta rufe baki. Da damina ta gaba ta rasu.

Muna yara mun ɗauka tatsuniyar tana hana mu shisshigi ne. Yanzu ina ganin ba mu take yi wa ba. Wuri ɗaya ne aka bar mata da za ta iya sa yaron ya yi magana a gaban jama'a ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba, kuma ko a can ba ta yarda matar ta amsa masa ba. Nakan yi tunanin sau nawa ta so ɗaukar gatarin da kanta.

Taswirar tana nan a ofishina. Na goge "ɗakin baƙi" tun a lokacin. A aikinmu kowane ɗaki sai an rubuta masa suna kafin a sa hannu a zane, wannan kuwa ban sa masa hannu ba har yau. Na tambayi duk tsofaffin da suka fito daga tsohon gari, a Bebeji da Kiru har Tudun Wada. Wasu sun tuna gidan, wata tsohuwa ta tuna rijiyar. Babu wanda ya tuna sunan yaron.