Shagon Dapaong da aka ba Garba

Ina tsaye a gaban Alhaji ya ce Garba ne zai riƙe sabon shagonsa na garin Dapaong. Zamanin mulkin Faransa ne, ni da Garba muna yi masa aiki a shagon atamfa a garin Sokodé. Ni na yi boko, Garba ko sunansa bai iya rubutawa ba.

Na ce, "Alhaji, ni fa nake karanta maka takardun Bature."

Ya ce, "Haka ne, Malam Idi. Amma kai a tebur kake cin abinci kai kaɗai, shi kwano ɗaya yake ci da 'yan dako. In ya ce su tashi, tashi suke yi. Kai fa?"

Shekaru da yawa sun wuce. Jiya aka binne Garba, jama'a har bakin titi. Na je, amma zuciyata ba ta huce ba.

Ku gaya min, adalci aka yi min?