Kukan da Razdan Ya Duba

Ko me zan manta a duniya, ban da shekarar da muka ceci kukar unguwarmu da guntun tsohuwar jarida.

Kukar tana bakin titi a unguwarmu a Lafiya. A inuwarta Mama da wasu mata suke kasa doya da lemu da gyaɗa tun kafin a haife ni, da cinikin gindinta aka raine mu. Wata safiya muka tarar an shafa mata jan fenti. Za a faɗaɗa titi, sare ta za a yi. Ranar Mama ko abinci ba ta iya ci ba.

Kawu, yayan Mama, tsohon direba ne da ya ajiye aiki amma bai ajiye baki ba. Ya je ya birkice akwatin ƙarfen kakanmu, ya dawo da wata takarda da ta yi ja don tsufa. Shafin jarida ne na zamanin Turawa. Gara ta cinye labarin kaf, kanun kawai ta bari: Razdan ya duba kukan mutanen Lafiya.

"Kin gani?" in ji Kawu. "Bature da kansa ya zo ya duba kukan nan. Wa zai sare shi?"

Lokacin ina karatun Hausa a kwaleji, ina ji da kaina sosai. Na ce, "Kawu, da bishiya ake nufi, da 'kukar' za a rubuta, ba 'kukan' ba, don ita mace ce. Wannan koke ne. Mutane sun kai ƙara, Razdan ya saurare su. Ƙila ma a kan haraji ne."

Ya dube ni ta saman tabarau. "'Yata, a Kano ne kuka yake da mace da namiji. A Lafiya duka ɗaya ne. Gobe ki sa kaya mai kyau, ke za ki karanta."

Gaskiyarsa ta wannan fuskar. A garinmu kowa da yaren gidansu, Hausa ta kasuwa ce, ba mai tsayawa ya duba jinsin bishiya.

Washegari mu da matan muka cika keke-napep biyu zuwa ofishin da ke kula da aikin. Jami'in matashi ne, Hausarsa irin tamu. Na karanta kanun, ina jiran ya fashe da dariya. Sai ya miƙe tsaye, ya karɓi takardar da hannu biyu, ya ɗauke ta hoto a waya.

"Baba, ai wannan tarihi ne," in ji shi. "Me ya sa ba ku kawo tun da wuri ba?"

A hanyar komawa matan suna waƙa, Kawu yana ta amsa gaisuwa kamar wanda ya ci zaɓe.

Ba a sare kukar ba. Titi ya lanƙwasa ya kauce mata, har yau a wurin 'yan acaba suke rage gudu. Sai dai abin tarihi ba a barinsa a wulaƙance. Aka zagaye ta da shingen ƙarfe, aka kafa allo da Turanci, aka sa kwaɗo a ƙofa. A ƙasan allon an rubuta cewa an hana talla a wurin.

Ranar buɗewa aka ba Kawu kujera a gaba. Ya yi jawabi, har ya ƙara da cewa Razdan sai da ya cire hula a gindinta. Matan kuwa suna tsallaken titi, cikin rana, kowacce da lemarta, lemu yana yaushi a faranti. Da aka watse Kawu ya tsallako yana murmushi.

Mama ta ce, "Sannu da aiki, Yaya. Itace ya gode."

A ƙarƙashin lema Mama ta ƙarasa shekarun kasuwancinta. Tun daga nan, in zan roƙi hukuma wani abu, ainihin abin da nake so nake faɗa, ba abin da zai burge ta ba. Mun je neman wurin zaman iyayenmu mata, amma har muka fito daga ofishin nan ba wanda ya ambace su.