Abla Zakiya da Intanet ɗin da Ke Mutuwa Bayan Azahar

Kullum da ƙarfe bakwai na safe, kafin ranar Jidda ta fara dukan mutane, Abla Zakiya takan zazzage jakar aikinta a kan darduma ta duba kayanta. Ga filayar matse kan kebul, ga ƙullin kawunan kebul na roba, ga 'yar na'urar gwaji mai fitilu takwas, ga farin salatif da alƙalami. Idan ta gamsu sai ta mayar da su, ta zura abaya, ta shiga 'yar motarta mai ruwan toka, wadda ba ta koyi tuƙa ta ba sai da ta haura hamsin. Daga nan sai inda aka kira ta. Yau unguwar Khumra, gobe wani katafaren gida a unguwar Abhur, jibi makarantar haddar Alƙur'ani ta mata.

Aikinta haɗa intanet ne a gidaje, musamman gidajen da mata ba sa son namiji ya shigo musu har ɗaka. Shekara ashirin da biyu tana yi. A ƙarshen wannan wata za ta ajiye jaka, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na san ta ne sati biyu da zuwanmu daga Gusau. Maigidana yana wurin aiki, ni kuma ina zaune gaban akwatunan intanet uku da tulin kebul, ban san gaba ba, ban san baya ba. Wata maƙwabciya ta ba ni lambarta. Da ta zo, na ɗauka zan koma gefe in zuba ido. Sai ta miƙo mini kebul.

"Ke za ki jona, ya binti, 'yata. Ni kallo na zo yi."

Ta nuna mini akwatunan ɗaya ɗaya. "Wannan modem ne, shi yake karɓo shabaka, wato intanet, daga kamfani ta wannan kebul mai zagayayyen kai da ake murzawa. Wannan rauta ce, ita ke raba wa mutanen gida. Duba bayanta. Kin ga kafa ɗaya da launinta ya fita daban? Nan kebul ɗin modem zai shiga, ba wani wuri ba. Wannan kuma suwic ne. Ba shi da wayo ko kaɗan, kafofi kawai yake ƙara miki idan na rauta sun ƙare. Ki ɗauko kebul ɗaya daga rauta ki ba shi, halas, shi ke nan."

Ta sa na kunna modem shi kaɗai, muka jira har fitilarsa ta daina ƙifce ta tsaya cak, sannan rauta, sannan suwic. Na tambaye ta dalilin wannan jeri. Sai fuskarta ta washe kamar na yi mata kyauta, ta gyara zama, ta yi mini bayani har shayinmu ya huce. Daga baya na gane babu abin da take so a duniya kamar a tambaye ta dalili.

Ita ma ta hanyar tambaya ta shigo sana'ar. A Jidda aka haife ta, kakanta ne ya zo aikin Hajji daga Haɗeja bai koma ba. Da farko shara da goge-goge take yi a wata makarantar 'yan mata. Wani hutu aka kawo ma'aikata su haɗa ɗakin kwamfuta, aka ce ta riƙa buɗe musu ƙofa. Ta tsaya a kansu da tsintsiya a hannu. Me ya sa wayoyin cikin kebul takwas ne? Me ya sa aka murɗe su bibbiyu? Idan aka sauya launi fa? Suka gaji da ita, suka riƙa amsawa don ta ƙyale su. Da aka koma karatu, maza ba sa shiga makarantar a lokacin darasi, don haka duk ranar da abu ya lalace sai a kira su a waya, ita kuma ta zama hannunsu. Ba a yi shekara ba ta daina kiransu.

Labaran da ake bayarwa a kanta suna da yawa, amma guda ɗaya zan kawo, domin na ji shi daga bakin mutum uku da abin ya shafa, kuma bakinsu ya zo ɗaya.

A Khumra akwai wani gida mai hawa uku na Hajiya Nana Khadija, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya. Ɗanta Hamad yana hawa na biyu da iyalinsa. A ƙasa kuma akwai ɗan haya, Ikrama, injiniya daga Zariya da ke aiki a wata masana'antar fenti a unguwar masana'antu ta Jidda, shi da matarsa mai tsohon ciki. Intanet ɗaya gidan yake amfani da shi. Modem da rauta da suwic duk suna kan wani katako a ƙarƙashin matakala, daga nan kebul ya tafi kowane ɗaki.

Sai intanet ɗin ya tsiri wata ɗabi'a. Da safe lafiya lau. Da an yi azahar, wajen ƙarfe biyu, sai ya mutu murus, ba zai dawo ba sai bayan isha'i. Kullum haka, ban da Juma'a da Asabar. Sau biyu kamfani yana turo ma'aikaci, duk da safe, ya duba ya ce komai daidai ne.

Wadda abin ya fi cutarwa ita ce Wafa', 'yar Hamad. Daga gida take aiki, tana amsa kiran abokan cinikin wani kamfani, kuma aikinta daga ƙarfe biyu yake farawa. Ta koma lallaɓawa da datar wayarta, murya na yankewa, mutane na ƙorafi. Aka ba ta gargaɗi na farko, aka ba ta na biyu. Shugabarta ta ce na uku sallama ce.

Hamad ya zauna ya yi nazari. Ƙarfe ɗaya da rabi Ikrama yake fita aiki, bayan isha'i yake dawowa, Juma'a da Asabar yana hutu. Lokutan sun yi daidai ƙwarai. Ya sauko ya same shi.

"Ya akhi, ɗan'uwana, kai injiniya ne, mun sani. Kana rufe mana shabaka idan za ka fita, ko kana tafiya da ita ne, ni ban sani ba. 'Yata za ta rasa aikinta. Ƙarshen wata ka nemi wani gida."

Ikrama ya rantse har ya gaji. Ya gaya mini cewa abin da ya fi ƙona masa rai ba tashin ba ne, duk da matarsa saura mata sati biyar ta haihu. Abin da ya dame shi shi ne, shi kansa da ya duba lokutan sai ya ga da shi ne Hamad, da haka zai zata.

Wafa' ce ta kira Abla Zakiya. Ta zo da la'asar, lokacin da abin yake a mace. Ta durƙusa ƙarƙashin matakala, ta ga fitilun suwic duka suna ƙifce tare da sauri kamar sun haukace. Ta ƙirga kebul: ɗaya daga rauta, biyar na ɗakuna, ya kamata kafa shida ce a cike. Sai ta ga bakwai. Ta kama kowanne da yatsu tana bin sa. Da ta zo kan wani dogo mai launin shuɗi, ta bi shi, ta bi naɗinsa, sai ga shi ya dawo da ita cikin suwic ɗin. Kansa biyu duk a wuri ɗaya suke. Ta zare ɗaya. Daga sama Wafa' ta ƙwala ihu, "Ta dawo! Wallahi ta dawo!"

"Na wane ne wannan?" Abla ta tambaya.

"Na Ikrama ne," in ji Hamad. "Kin gani ko? Allah ya tona shi."

Gyara dai ya ƙare cikin minti goma. Wani ma'aikacin da ya naɗe jakarsa ya tafi, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Amma Wafa' ta ce da ta sauko ta ga Abla ta daɗe tsugune tana jujjuya kan kebul ɗin a hannunta. Can ta ce, "Ya Hamad, na gano abin da ke faruwa, amma ban gano wanda ke yi ba. Mutumin ƙarfe ɗaya da rabi yake fita, kun ce sai ƙarfe biyu take mutuwa. Wa ke cike rabin awar nan? Kada ka gaya wa kowa komai. Gobe zan dawo."

Ta dawo da hantsi da fulas ɗin shayinta, ta shimfiɗa darduma a lungun matakala, ta zauna. Ta ga yadda Ikrama yake jan shuɗin kebul ɗin zuwa ɗakinsa yana karatu a kwamfuta. Ƙarfe ɗaya da rabi ya fito, ya naɗe shi don kada ƙofa ta datse shi, ya ɗora a kan katako kusa da suwic, kan yana reto.

"Idan ka dawo, yaya kake tarar da shi?" ta tambaye shi.

"A jone, Hajiya. Na ɗauka mutanen sama ne suke gyara wurin. Sai in zare in kai ɗaki. Akwai matsala ne?"

"Je ka aikinka, ɗana. Allah ya tsare."

Ta ci gaba da zama. Biyu saura minti biyar sai ta ji takun sanda. Hajiya Nana Khadija ce take saukowa a hankali, domin likita ya ce ta riƙa taka matakala sau ɗaya a rana saboda gwiwa. Ta iso ƙasa tana haki, suka gaisa. Sai idonta ya kai kan katako. Ta yi tsaki.

"Yaran nan ba sa mayar da abu mazauninsa. Kullum sai na gyara."

Ta ɗauki kan kebul ɗin, ta laluba kafar da ba kowa, ta tura har ya ce ƙas. Nan take fitilu suka haukace.

Abla Zakiya ba ta yi dariya ba, ko da yake ta ce mini da ƙyar ta danne. Ta ce, "Ya khala, innata, zo ki ga wani abin mamaki. Zare shi." Tsohuwa ta zare, fitilu suka natsu. "Mayar." Suka sake haukacewa. Hajiya ta yi haka sau uku, bakinta a buɗe.

"To me ya sa? Ai ramin daidai da shi ne."

"Daidai ne. Amma wannan akwatin, duk saƙon da aka ce na kowa ne, sai ya tura shi ta kowace kafa. To ya tura ta nan, kebul ya dawo masa da shi ta can. Shi kuma ba ya gane nasa ne, sai ya sake turawa. Haka zai yi ta yi har hanya ta cushe, saƙon Wafa' ya rasa wurin wucewa."

Tsohuwa ta zauna a kan matakala. "Ashe ni ce. Wata guda ina kashe wa jikata aiki, kuma an ɗora wa bawan Allah."

"Gyara kika yi niyya, ya khala. Ba wanda ya taɓa gaya miki."

Abla ta ba ta shawarar a ce kawai an gano matsalar, a rufe maganar. Hajiya ta ƙi. Washegari da safe ta sa Hamad ya riƙe mata hannu, suka sauka har ƙofar Ikrama. Ta ce, "Ɗana, ni ce ɓarauniyar shabaka. Ka yafe mana, ni da wannan mai saurin bakin." Hamad ya sunkuyar da kai ya ce, "Samihni, ka yafe mini, ya akhi." Ikrama ya ce bai san lokacin da ƙwalla ta cika masa ido ba.

Abla ta kafa ƙusa a bango don rataye kebul ɗin, ta liƙe kafofin da ba a amfani da su da salatif, ta rubuta sunan kowane ɗaki a jikin kebul ɗinsa. Wafa' tana nan a aikinta har yau. A gidan aka yi sunan 'yar Ikrama, kuma Hajiya ce ta fara yi mata wanka.

Ke ce wannan, Abla Zakiya. Ke ce kika ga fitila ta koma kore amma ba ki tashi ba, saboda akwai mutumin da ake zargi kuma lissafin bai cika miki ba. Ke ce kika shiga ɗakunan zawarawa da tsofaffi da baƙi irina, kika sa muka taɓa abin da muke tsoro da hannunmu. Zakiya ta Haɗejawa, mai zaman matakala! Mata shida kika koya wa sana'ar nan, biyu daga cikinsu Hausarsu ma sai a hankali, amma duk sun ɗauko halinki na ƙin barin gida da tambaya a rataye.

Ido ne ya sa za ta huta. Ta ce yanzu ruwan lemo da ruwan ƙasa sun fara zame mata launi ɗaya idan tana jera wayoyin cikin kebul, kuma ba za ta yi wa mutane aikin lalube ba. Na tambaye ta me za ta riƙa yi da safiyarta.

"An ce mini akwai wani kebul da ya biyo ta ƙarƙashin teku tun daga wata duniya, ya fito a gaɓar Jidda," ta ce. "Shekara ashirin da biyu ina jona 'ya'yansa, ban taɓa ganin uban ba. Wa kika sani da zai kai ni?"

Ban san kowa ba, Abla, amma na fara tambaya. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara wa idanunki haske, ya sa hutun ya zama na lafiya. Ku kuma masu sana'a, kowace iri ce, idan kun gyara abin da aka kira ku dominsa, ku ɗan dakata kafin ku ɗauki jaka. Ku dubi mutanen gidan, ku ga ko akwai wanda ake shirin kora a kan laifin da bai yi ba.