Ranar da Salifou ya rufa wa shef asiri

Salifou mutumin Maraɗi ne. Karatu ya kawo shi garin Bron a ƙasar Turawa, aiki ya zaunar da shi Vénissieux, a wani luzin da ke ƙera ƙarafan fiffiken jirgin yaƙi. Aikinsa awo. Ƙarfe ya zo gabansa ya auna, in ya yi daidai ya buga masa hatiminsa mai lamba arba'in da bakwai. Shekara goma sha ɗaya ba a taɓa maido da ƙarfe mai wannan lamba ba. Ko ɗaya!

To, sai gwamnati ta ce wa kamfanin, in kaya suka isa kafin ranar da aka sa, akwai tukuici bayan kuɗin aiki. Daga nan shef, mai gidansu a wajen aiki, ya haukace. Kwali mai ƙarfe hamsin, wai a auna biyar a buga wa sauran. Salifou ya ƙi. Sai shef ya kafa doka, duk mai fita ya bar hatiminsa a tebur. Ran Juma'a Salifou ya dawo daga masallaci, ya iske an kwashe kwalaye, ga tawada ɗanya a hatimi. Ya sayi ɗan kaye, littafin rubutu, kowace Juma'a ya rubuta rana da lambar kwali.

A 2011 majalisa ta aiko wakilanta, depite uku, daga Paris, su duba ko tukuicin nan da gaskiya aka ci shi. Aka share luzin, har da fenti. Ɗaya cikinsu, mace, ta tsaya gaban Salifou, shef na bayanta yana washe baki.

"Monsieur, kowane ƙarfe ana aunawa?"

Ga kaye a aljihun ƙirjinsa. Amma shi an raine shi kan ba a tsinka mai gida gaban baƙi. Can gida mai bincike ya san haka, in jama'a ta watse zai ja ka gefe. Salifou ya sunkuya ya ce, "Muna iya ƙoƙarinmu, madame." Ta rubuta, ta wuce. Aka tashi aiki ya tsaya bakin ƙofa yana jiran kira. Ashe mutanen tun ƙarfe huɗu suka hau jirgin ƙasa. Wane irin bincike ne wannan, a tambayi mutum shef na tsaye kansa?

Matarsa Mariama da ta ji, ta aje ludayi. "Malam, shef ɗin surukinka ne da za ka ji kunyarsa?"

Ya ɗauki hutu ya tafi Paris, ya sauka wajen wani ɗan garinsu a Montreuil. Kwana biyu yana sintiri ƙofar majalisa kafin sakataren depiten da ta tambaye shi ya fito. Ko kayen bai buɗe ba. "An rufe rahoto, Monsieur. Ai kana ciki: mai awo ya tabbatar."

Bayan wata takwas sojoji suka ga tsaga a ƙarfen wani jirgi, Allah ya sa yana ƙasa. Aka duba, lamba arba'in da bakwai. Aka kira Salifou, ya fito da kaye, lauyan kamfani ya fito da rahoto. "Ran da majalisa ta tambaye ka, me ka ce?"

Suka karɓe hatimin, suka sallame shi. Tukuici kuwa ba wanda ya ce a maido. Shef na nan bisa kujerarsa.

Yanzu Salifou kwali yake ɗauka a wani sito a Bron. Lambar tasa an ba wani.