Ƙarfen da Aka Buga a Kan Tudu

Ko tsufa ya ci ƙarfina, ranar nan ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ina tuƙa motar kaya a wani sito da ke Al-Sulay, a Riyad. Wata safiya kafil ɗina, wato maigidan da ya ɗauke ni aiki, ya aike ni in kai buhunan abincin raƙuma wani ƙauye can cikin hamada, inda kwalta ba ta kai ba.

Mutanen garin makiyaya ne, 'yan asalin wurin tun kaka da kakanni, gidajensu 'yan kaɗan a kan tudun duwatsu. Da na ga hawan zai wahalar da mota, sai na tsaya a ƙasa, cikin wani busasshen kwari mai yashi. Rana ta take, ko ɗigon hadari babu a samanmu.

Ina cikin kwance igiyar kaya sai na ji ana buga ƙarfe daga saman tudun, ba ƙaƙƙautawa. Kafin in ankara wasu maza sun gangaro a guje sun nufo ni, ɗaya da sanda a hannu. Ni baƙo, ba ni da kowa, waya kuma ba ta kamawa. Na ɗaga hannu ina cewa, "Wallahi kaya kawai na kawo!" Babbansu ya damƙi wuyan rigata yana ihu, "Yalla! Sail! Sail!" Ban san kalmar ba a lokacin. Na turje, suka ɗauke ni cak suka yi sama da ni, ni kuwa ina ta kalmar shahada, na sadaƙar yanka ni za su yi.

Ba mu gama hawa ba na ji wani ruri daga bayanmu. Na waiwaya. Ruwa ne, jajawur, ya cika kwarin daga baki zuwa baki, ɗauke da itatuwa da duwatsu. A kan idona ya juya motata kamar ƙwarya. Ashe abin da suke kira sail ke nan, wato ambaliya.

A saman tudun wata tsohuwa tana kiran gidaje ɗaya bayan ɗaya, kowane gida yana amsawa. Sai da ta tabbatar ba wanda ya rage, sannan aka miƙo mini gahawa da dabino. Mutumin da ya damƙe ni ya zauna kusa da ni, yana magana a hankali don in gane. "Ya akhi, ɗan'uwana, garinmu a ƙasa yake da, kusa da rijiya. Zamanin kakanninmu ruwa ya sauka a duwatsu masu nisa, ya zo ya tafi da rabin mutanenmu. Waɗanda suka tsira suka hawo nan, suka rataya ƙarfen can. In an buga shi, wanda ke kusa da kai shi za ka kama. Ba a tambayar ɗan waye."

Washegari duk garin suka fito da igiyoyi da shebur suka tono motar, dattijonsu kuma ya yi wa kafil ɗina bayani da bakinsa.

Tun daga ranar na koyi cewa in ka shiga garin da ba naka ba, ka tambayi masu shi kafin ka zaɓi wurin tsayawa. Kuma ba duk hannun da ya shaƙe ka ba ne yake neman ranka.