Mati da Ƙwayoyin Tarinsa

A ƙauyen Hausawan da ke bakin babbar tur'a, wato magudanar ban ruwa, kusa da Wad Haddad, idan baƙo ya sauko daga lori bai san kowa ba, gidan Mati ake nuna masa. Ba wai ya fi kowa abin hannu ba ne. Hawasharsa, wato gonar da aka yanka masa a filin noman Jazira, auduga ce da dawa kamar ta kowa. Shi dai bai iya riƙe abu ba. Mahaifinsa ya baro ƙasar Sakkwato da niyyar hajji, ya tsaya nan neman guzuri, guzurin bai taɓa cika ba don shi ma haka hannunsa yake. Mati ya gaje shi, ya ƙara da nasa. Matarsa Aishatu ta yi faɗa har ta gaji, ta koma ɓoye sukari a tukunyar kanwa, nan ma ya gano.

A farkon shekarun saba'in tari ya kama shi, ya rame har wuyan jallabiyarsa ya yi masa yawa. A asibitin Sinnar aka ce tarin fuka ne. Aka yi masa allurai na wani lokaci, sannan aka sallame shi da gwangwanin ƙwayoyi, aka ce ya sha kullum, ya riƙa dawowa karɓar wasu, abin zai haura shekara. Ya sha, ya ji sauƙi, har ya koma gona.

Sai lokacin tsintar auduga ya zo, ma'aikata suka cika gari, rumfar ƙofar gidansa ta cika da masu shan shayi. Kuma wa ya taɓa ganin ɗan tsintar auduga da ba ya tari? Da mutum ya yi gyaran murya, Mati zai zura hannu aljihu ya zazzago masa ƙwaya biyu. Labari ya bazu. Masu ciwon kai suka zo, har wata tsohuwa mai ciwon gwiwa ta aiko a sam mata. Da ya ga gwangwanin ba zai kai shi ranar komawa Sinnar ba, sai ya riƙa sha yau ya tsallake gobe. A ganinsa ya yi dabara. Tarin kuwa ya dawo a hankali, da zufa da kasala.

A wannan kakar ce Mahadi, ɗan ƙanwarsa, ya zo ƙauyen. Ya gama karatun harhaɗa magunguna a Khartum, yana shirin jarrabawar masu neman zurfafa ilimi, ya gudo daga hayaniyar birni da akwatin littattafai. Kullum yana gindin dalbejiya yana bitar yadda magani ke shiga jini, da tsawon zamansa a ciki, da yadda hanta da ƙoda ke fitar da shi. Wata safiya ya ɗaga kai daga littafi, ya ga kawunsa yana ƙirga wa wani baƙo ƙwayoyi a tafin hannu. Ya rufe littafin.

Ya bari baƙon ya tafi. Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa, amma ya san wannan magana idan ba da harshen gida aka yi ta ba, ba za ta shiga ba. Ya yi ta lalube. Ya ce magani sai ya kai wani mizani a cikin jini kafin ya yi aiki, jiki kuma kullum zubar da shi yake yi, shi ya sa ake ƙarawa kowace rana. Ya ce kamar ruwan tur'a ne, idan aka raba na gona ɗaya wa gonaki goma, ƙasa za ta jiƙe a sama, saiwa ba ta sha ba. Mati ya yi dariya, ya ce ashe a Khartum ɗin noma ake koya musu. Ya ce rai na Allah ne, shi ba zai haɗiyi abu mutum na kallonsa yana tari ba.

"Kawu, ba kai kaɗai kake cuta ba," in ji Mahadi. "In mutum shina da wanga ciwo ka ba shi hubub ɗin nan ƙwaya biyu, ƙwarin cutar masu rauni su za su mutu, masu ƙarfi su saura, su saba da maganin. Ran da ya tahi asibiti, ba shi yi mai aiki kuma."

Dariyar ta ɗauke. Mati bai taɓa tsoron mutuwarsa ba, amma a ce kyautarsa ce ke cutar da mutane, wannan ya yi masa zafi ƙwarai. Ya daɗe yana juya gwangwanin a hannu. Aishatu ta ce a ba ta ta adana, in an tambaya ya ce ba ya wurinsa. Ya ƙi, ya ce ba zai laɓe bayan mace ya yi ƙarya da furfurarsa ba. Da bakinsa zai hana.

Masu ciwon kai ba su ba shi wahala ba, ya sallame su da shayi da ban haƙuri. Ladan ne matsalar. Tare suka yi karatun allo, tare suka fara riƙe fartanya, kafin Ladan ya koma wajen Dinder da zama, yana zuwa tsinta duk shekara ya sauka a wannan rumfa. Wannan karon ya zo a rame, yana tari yana ɓoye abin da ya tofar da ƙasa. Mati ya san tarin, don ya yi irinsa. Bayan la'asar Ladan ya miƙo hannu yana murmushi, ko roƙo bai yi ba, don tsakaninsu babu roƙo.

"Ba ni ba ka, Ladan," Mati ya ce. "Gobe mu tahi Sinnar, ni ka kai ka. A ba ka naka cikakke."

Ladan ya dubi aljihun da gwangwanin ya yi tudu a ciki. Ya ce in ya bar tsinta yanzu iyalinsa me za su ci, ya ce kwayyis, ba komai, bayan kaka sai a je. Ya janye hannunsa a hankali ya shafa a gwiwa. Washegari ya kwashe tabarmarsa ya koma rumfar wani. Mati ya bi shi gona ya roƙe shi, ya tura Mahadi ya yi masa bayani, Ladan ya ce ɗan birni bai san yunwa ba. Da aka gama tsinta ya hau lori ba sallama. Cikin damina aka aiko daga Dinder cewa ya rasu.

Mati ya koma Sinnar, aka sake masa tsarin magani, ya sha har ƙarshe bai tsallake ba, ya warke. Ya yi tsawon rai, ya aurar da jikoki, hannunsa kuma bai rufe ba a kan komai in ban da magani. Mahadi ya ci jarrabawarsa, ya zama malami mai koyar da wasu. Duk zuwan da ya yi ƙauyen sai ya sake gaya wa kawunsa cewa ƙwaya biyu ba za su ceci Ladan ba, ko goma ma. Mati ba ya musu. Wata rana da tsufa ya kama shi sosai, ya bari Mahadi ya gama bayaninsa, sannan ya ce:

"Na sani, ɗana, gaskiya ka hwaɗi. Amma hannu ya miƙo min, kuma haka nan ya mai da shi."